Ɗan Jirgin Ruwa Da A Ke Tuƙawa Daga Gaɓa

Duk wanda Allah ya kai shi Landan, in ya shiga lambun nan da a ke kira Kensington Gardens ran Lahadi da hantsi, zai tarad da wani tafki kewayayye mai faɗin wajen eka bakwai, wanda aka haƙa tun wajen shekarar 1730. A bakinsa ya kan ga dattawa tsaitsaye, waɗansu har da furfura, kowa da ɗan akwati a hannu, sun zura wa ruwa ido. Can tsakiyar tafkin kuwa ga 'yan jiragen ruwa, tsawon ko wanne bai fi kamu biyu ba, suna kai da kawowa, babu matuƙi a cikinsu, babu kuma igiya a ɗaure da su. Mutum ya motsa babban yatsansa a kan akwati, sai ka ga jirgi ya karkata dama. Ya sāke motsawa, jirgi ya juyo ya nufo shi kamar dokin da ya san ubangijinsa.

Baƙo ya kan ɗauka wasan yara ne manya suka ƙwace. Mu ma da haka muka ɗauka. Amma da muka bi diddigin al'amarin sai muka ga yawancin jiragen nan masu su ne suka ƙera su da hannunsu, bayan an tashi daga aiki, wani ya yi wata shida yana fama da jirgi guda, wani ma shekara. A cikinsu akwai malaman makaranta, da akawuna, da likitoci, da tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya. Ba wanda ya sa su, ba kuma wanda zai biya su ko anini. Aikin sha'awa ke nan.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan labari ga malamai da akawuna shi ne wani abu da ya daɗe yana damunmu. Ba garin da za ka shiga a ƙasar Hausa ba ka ga yara suna jan motar kara ko ta waya ba, wata har da sitiyari da ƙafafun marfin kwalba masu juyawa. Yaron da ya ƙera wannan ba wanda ya koya masa auna tsawo da faɗi, idonsa ne ya auna. To, amma da zarar ya yi nisa a makaranta sai ya yar da karan, domin ya lura cewa a wurin manyansa hannun da ya riƙe alƙalami bai kamata ya riƙe zarto ba. Ya gama karatu, ya kama aikin ofis, kujerar ɗakinsa ta karye, sai ya aika a kira kafinta. Muna ganin wannan hasara ce babba, kuma mu masu ilmin boko mu ne muka jawo ta.

MAFARIN ABIN

Wanda ya fara nuna wa jama'a jirgin ruwa mai bin umurnin wayar iska shi ne Nikola Tesla, mutumin Sabiya da ya ƙaura zuwa Amurka cikin 1884. A shekarar 1898, wurin wani nunin kayan lantarki da aka yi a Madison Square Garden, cikin birnin New York, ya sa aka cika wani babban kwatami da ruwa, ya saka ɗan jirgi na ƙarfe wanda bai fi ƙafa huɗu ko biyar ba. Ya koma gefe da akwatinsa, ya sa jirgin ya tafi, ya juya, ya tsaya, ya kunna fitilunsa ya kashe. Mutane a lokacin ba su saba ko da jin wayar iska ba, balle su ga tana tuƙi. An ce har waɗansu suka riƙa cewa biri ne horarre ya ɓoye a ciki. Ran 8 ga Nuwamba na shekarar gwamnatin Amurka ta ba shi takardar shaidar cewa dabarar tasa ce, mai lamba 613,809. Shi Tesla ya sa rai sojan ruwa za su saya, tun da ya ke a shekarar ne Amurka ta yi yaƙi da Sifen, amma ba su saya ba.

Bayansa sai wani injiniya na Sifen, Leonardo Torres Quevedo, ya tuƙa kwale-kwale daga gaɓa a tashar jiragen ruwa ta Bilbao cikin 1906, Sarki Alfonso na 13 yana kallo. Duk da haka abin bai zo hannun talaka ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Kafin nan masu wasa da jirage a tafkunan Ingila sai dai su daidaita zanen jirgi da iska, su sake shi, sa'an nan su sheƙa da gudu su kewaya tafki da doguwar gora a hannu don su tare shi a ɗaya gefen. In iska ta canja, shi ke nan, jirgi ya tafi inda ya ga dama. Ko da rediyon ta zo, ta farko mai kwalaben nan ce da ke cin batir kamar gara, umurni guda kuma ta ke ɗauka. Ka danna maɓalli sau ɗaya, jirgi ya yi dama. Ka danna sau biyu, ya yi hagu. Ƙarfin juyawar kuwa daga wata roba ce murɗaɗɗiya a cikin jirgin, in ta warware, tuƙi ya ƙare. Tiransisto da aka ƙago a Amurka cikin 1947 ita ta rage wa kayan girma da nauyi, kuma cikin shekarun 1960 aka sami irin na'urar da a ke amfani da ita har yanzu, wadda gwargwadon yadda ka tura sanda gwargwadon yadda jirgi zai karkata.

LISSAFIN DA KE CIKI

A nan ne mu ke so malaman lissafi su tsaya da mu kaɗan, domin nan ne ribar abin ta ke.

Mai ƙera ɗan jirgi ya kan kwaikwayi babba ne, ya rage shi bisa ma'auni guda. A ce ga jirgin nan mai jan manyan jirage a tasha, tsawonsa mita 25, nauyinsa tan 250, gudunsa mil 10 na teku a awa. Mutum ya yi niyyar rage shi kashi 25. Tsawo dai ba wuya, mita 25 a raba 25, ya zama mita ɗaya. Nauyi fa? Mai garaje zai raba tan 250 da 25, ya sami tan 10, ya tsaya yana mamaki. Kuskurensa shi ne ya manta jirgin ta fuska uku ya ragu, watau tsawo da faɗi da zurfi. Saboda haka 25 sau 25 sau 25 za a yi, a sami 15,625. Tan 250 kilo 250,000 ke nan, in aka raba da 15,625 sai a sami kilo 16 daidai. In ɗan jirgin bai kai kilo 16 ba, zai zauna bisa ruwa kamar ƙwarya, farfelarsa a waje. In ya fi, ya nutse ya wuce layinsa. Dalili kuwa shi ne abin da Archimedes na Girka ya gano tun kafin haihuwar Annabi Isa: duk abin da ke yawo a kan ruwa, nauyinsa daidai ya ke da nauyin ruwan da ya ture. Lita guda ta ruwan daɗi kilo guda ce, don haka jirginmu lita 16 zai ture.

Gudu kuma da nasa hukunci dabam. Ba da 25 za a raba ba, sai a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 25, watau 5. Mil 10 a raba 5, saura mil 2 a awa, wanda bai kai saurin tafiyar mutum a ƙasa ba. A wannan gudu ne ɗan jirgin zai tā da raƙuman ruwa masu kama da na babban. In ya fi haka, sai ya ɗaga hanci sama yana tsalle, duk wanda ya san jirgi ya yi masa dariya.

Wanda ya tsayad da wannan ƙa'ida wani Bature ne na Ingila, William Froude, wanda ya rayu daga 1810 zuwa 1879. Ya shawo kan hukumar sojan ruwan Ingila ta ba shi kuɗi ya gina dogon kwatami kusa da gidansa a Torquay, aka fara aiki da shi cikin 1872. A ciki ya ke jan 'yan jirage na kakin kyandir, yana auna yadda ruwa ke tare su, don a san irin injin da babban jirgi zai bukata tun ba a yanka ƙarfe ko guda ba. Har yau manyan ma'aikatun jiragen ruwa suna wannan gwaji. A Faransa kuma, kusa da Grenoble, cikin 1967 aka buɗe wata makaranta a bakin tafki, Port Revel, don koya wa matuƙan manyan jiragen mai. Jiragen koyon an rage su kashi 25 ne kamar namu, sai dai da ya ke iyayensu manya ne ƙwarai, ɗan ma ya isa mutum ya shiga ya zauna.

Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa, ya zuba yashi a jirgi har ya ga ruwa ya taɓa layin da ya zana, ba ya sāke tambayar malaminsa amfanin ninkawa sau uku.

YADDA A KE ƘERAWA

Da taswira a ke farawa. Masu sana'ar suna sayad da takardun da aka zana jirgi a kai daidai girmansa, daga gefe, da daga sama, da kuma yanka-yankansa kamar an gicciye shi da wuƙa wuri goma ko fiye. Waɗannan yanka-yanka su ne haƙarƙarin jirgi. A kan kwafe su a kan filawud mara kauri, a yanke da ɗan zarto mai siririn baki. Sa'an nan a sami katako miƙaƙƙe, mai kauri, wanda bai tanƙware ba, a jera haƙarƙarin a kansa a kife, ko wanne a wurin da taswira ta nuna, a ɗora ƙashin bayan jirgi a bisa, a manne da gam. Wannan mataki shi ne wanda ba ya son gaggawa. Haƙarƙari guda in ya goce da kaurin ƙwayar gero biyu, jirgin zai fito a murɗe, har ya tsufa yana janyewa gefe ɗaya.

Daga nan sai rufi. A kan tsaga katako siri-siri kamar tsinken tabarma mai faɗi, a jiƙa shi da ruwan zafi don ya yi laushi, a lanƙwasa shi bisa haƙarƙari, a manne, a kafe da allura har gam ya bushe. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, a bi da bi, domin in aka rufe gefe guda duka tukuna, katakon zai ja jirgin ya karkace sa'ad da ya ke bushewa. Ƙwararre ba ya sa fiye da tsinke huɗu ko shida a dare guda.

Game da katako akwai wani abin da ya ba mu mamaki. Wanda aka fi ambata shi ne balsa, mara nauyi, mai laushi har farce na huda shi, yawancinsa daga ƙasar Ikwado ta Amurka ta Kudu ya ke fitowa, dangin rimi ne. Amma wanda masu ƙera jirage a Ingila suka daɗe suna yabo don rufin jiki shi ne obeche, fari, mai sauƙin sassaƙa, mai kama gam da fenti. Obeche kuwa itacen kurmin Afirka ta Yamma ne, Yarabawa na ce masa arere, mutanen Gana na ce masa wawa. Watau dai katakon da Bature ke saye tsinke-tsinke da tsada, mu ragowarsa ce ke zube a rumfar masu katako. Don ado a saman jirgi kuma su kan nemi jan katako irin na maɗaci.

In rufi ya gama, sai a goge da sanfefa, mai kaushi tukuna sa'an nan mai laushi, a cike ramuka, a shafe ciki da waje da ƙaron roba irin wanda a ke gauraya kwalba biyu, domin ruwa kada ya taɓa katako. Fenti sai daga ƙarshe, shafa uku ko huɗu marasa kauri, a bar ko wace ta bushe.

Wuri mafi hatsari a jikin jirgi shi ne inda sandar farfela ta huda ta fita. A kan saka bututun tagulla, a manne shi da kyau, sanda ta bi ta cikinsa, a ɗura giris a tsakaninsu. Giris ɗin shi ke hana ruwa biyo sanda ya shigo. Wani abokin aikinmu ya yi wata huɗu yana ƙera nasa, ranar gwaji ɗoki ya sa ya manta da giris. Jirgi ya yi kewaye biyu lafiya, a na uku aka ga gindinsa yana sauka sannu sannu, kafin a juyo da shi gaɓa ruwa ya cinye kayan rediyon duka. Katakon ya tsira, kuɗin dai sun tafi.

KAYAN CIKI

Abubuwa biyar ne ke cikin jirgin lantarki: batir, da mota mai juya farfela, da na'urar daidaita gudu, da mai karɓar saƙo, da kuma wani ɗan inji da a ke kira sabo, wanda ke ja da tura allon juya jirgi, abin da za mu kira linzami. Akwatin da ke hannun matuƙi yana aika saƙo, mai karɓa ya raba shi, wannan na linzami, wannan na mota. Saƙon da ke zuwa wa sabo bugun lantarki ne gajere, wajen sau 50 a daƙiƙa guda. In tsawon bugun ya zama kashi ɗaya da rabi cikin dubu na daƙiƙa, linzami ya tsaya tsakiya. In ya ragu zuwa kashi ɗaya, ya tafi ƙarshen wannan gefe, in ya kai biyu, ya tafi ƙarshen wancan.

A da, zangon 27 MHz aka fi amfani da shi, kuma hanyoyi shida aka saba da su a cikinsa, ko wace da launin ƙyallen da a ke ɗaurawa a kan eriya: ƙasa-ƙasa, ja, ruwan lemo, rawaya, kore da shuɗi. Mutum biyu in suka kunna launi ɗaya, jirgin wannan sai ya bi umurnin wancan, an sha ɓata zumunci a kan haka. Shi ya sa ƙungiyoyi suka kafa allo a bakin tafki, ba mai kunna akwatinsa sai ya ɗauki maƙalin launinsa. Daga tsakiyar shekarun 2000 aka koma zangon 2.4 GHz, inda ko wane akwati ke gane jirginsa shi kaɗai, rigimar ta kwanta. Sai dai wannan sabon zango ba ya ratsa ruwa, saboda haka dole eriyar mai karɓa ta kasance sama da layin ruwa, masu ƙera jiragen da ke nutsewa ƙarƙashin ruwa kuwa har yanzu da tsofaffin zanguna su ke aiki.

Shawararmu ga mai koyo ita ce ya nemi batirin dalma rufaffe mai bolt 6 ko 12, ko jerin baturan caji masu bolt 7.2. Nauyin na dalma ma amfani ne, tun da ya ke dama jirgi na bukatar nauyi a ƙasa. Baturan litiyom na zamani sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma su kan kama da wuta in an huda su ko an cika musu caji fiye da kima, ba abin bar wa yara ba ne.

Maganar nauyi a ƙasa kuwa ba ƙarama ba ce. Cikin 1628 aka saki wani katafaren jirgin yaƙi na Suwidin, sunansa Vasa, a tashar Stockholm. Igwogi da ado sun yi masa yawa a sama, nauyin ƙasa ya kasa. Bai yi tafiyar mil guda ba iska ta kwantad da shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse mutane na kallo, sai cikin 1961 aka tsamo shi. Abin da ya kifar da Vasa shi ke kifar da ɗan jirgi. Don haka kafin a je tafki sai a gwada a cikin baho ko kwatami a gida. A sa dalma ko ƙusoshi a can ƙasan ciki, a matsa su gaba ko baya har jirgi ya zauna sosai, sa'an nan a danna gefensa da yatsa a saki. In ya miƙe nan da nan, to madalla. In ya tsaya yana shawara, a rage kayan sama.

Masu son tsere sun fi karkata ga jirgin da iska ke turawa, wanda ba shi da mota sam. Akwai ajin Marblehead, da ya samo suna daga wani gari a jihar Massachusetts ta Amurka cikin shekarun 1930, tsawonsa inci 50, zanensa murabba'in inci 800. Akwai kuma ajin mita guda da aka tsayar cikin 1988, wanda ba a yarda nauyinsa ya kasa kilo 4 ba, kuma abu biyu kaɗai rediyo ke taɓawa, linzami da igiyar zane. Waɗannan sai wanda ya riga ya goge.

RANAR SAKI

Ga malamin da zai yi wannan da 'yan ajinsa, ba lalle ba ne a fara da rediyo, domin ita ce mai tsada. A fara da jiki, a juya farfelar gwangwani da robar tayar keke, ko da motar tsohuwar rediyon kaset da batir biyu, a kafe linzami a karkace kaɗan don jirgi ya yi da'ira ya komo. In jiki ya tabbata ba ya shan ruwa, sa'an nan aji su haɗa kuɗi a sayi akwati guda, a riƙa cire mai karɓa daga wannan jirgi zuwa wancan.

Sai wani gargaɗi wanda muka fi ba muhimmanci bisa duk abin da muka faɗa. Ko wane jirgi wata rana zai mutu a tsakiyar ruwa, ko batir ya ƙare, ko ciyawa ta naɗe farfela. A lokacin nan ne yaro ke tuɓe riga ya faɗa. Kududdufan bayan gari da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini suna da zurfi ba zato, gindinsu taɓo ne mai riƙe ƙafa, ruwansu kuma da yawa akwai katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Masu wannan wasa a Turai ma, da tafkunansu na siminti, dokarsu ce ba a iyo don ɗauko jirgi. Sandar kamun kifi su ke tafiya da ita, da ƙwallon tanis ɗaure a bakin zare. A jefa ƙwallon ya ƙetare jirgi, a jawo a hankali har zare ya maƙale a jikinsa. In wannan bai yiwu ba, sai a jira iska ta kawo shi gaɓa, shi ya sa a kan cusa soso mara shan ruwa ko kwalaben roba rufaffu a cikin hancin jirgi, don ko ya cika da ruwa kada ya nutse.

Kafin saki, a kunna akwatin hannu tukuna, sa'an nan na jirgi, in an gama kuma a kashe na jirgi kafin na hannu. A sa wani ya riƙe jirgin a bakin ruwa, matuƙi ya yi nisa taki hamsin, ya gwada dama da hagu, gaba da baya. A zaɓi gefen da iska ke busowa zuwa gare shi. Tafiyar farko kada ta wuce minti biyu, a komo da shi, a buɗe murfi, a sa yatsa a ƙasan ciki a ji ko da laima.